Daɗewar Cututtukan Fumfuna a Jikin Irin Shuka da Aka Ajiye: Darasi Daga Sha'ir Domin Manoman Dawa na Ikara da Maƙarfi da Kudan

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta amsa tambaya guda, wadda ta shafi duk manomin da yake ware irin shukarsa daga cikin abin da ya girbe. Tambayar kuwa ita ce: idan cuta ta biyo iri daga gona ta shiga rumbu tare da shi, shin zaman rumbu yana kashe ta, ko kuwa tana nan da ranta har ranar da za a fito da irin a shuka? Amsar da za mu bayar, tare da hujjojinta, ita ce yawancin cututtukan da suka fi yi wa manomi ɓarna ba sa mutuwa a rumbu, kuma bushewar nan da take kiyaye ran iri ita ce take kiyaye ran cutar da ke jikinsa.

Za mu ɗauki misalanmu na farko daga sha'ir, ko da yake ba amfanin gonar ƙasarmu ba ne, har ma da yawa daga cikinmu sun fi sanin sunansa a littattafan fiƙihu, wajen babin zakka, fiye da saninsa a gona. Dalilinmu shi ne babu hatsi da yawa da aka daɗe ana binciken cututtukan irinsu kamar sha'ir da alkama, a Turai da Amurka da Kanada da Indiya. Bayan mun ga abin da aka gano a can, sai mu dawo gida mu auna shi a kan dawa, wadda ita ce ta tsaya a matsayinsa a wurinmu, a tukunya da kuma a masana'anta, tun da Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da tsiron sha'ir a shekarar 1988, masu yin abin sha suka koma ga dawa irin su gajerar kaura SK 5912 ta Samaru.

2.0 Ƙasar da Muke Magana a Kanta

Ƙananan hukumomin Ikara da Maƙarfi da Kudan suna arewacin Jihar Kaduna, tsakanin Zariya da iyakar Jihar Kano, a cikin shiyyar Maigana ta hukumar bunƙasa aikin gona ta jihar. An san yankin da rake da tumatir da sauran kayan lambu, amma abincin gida ya dogara ne a kan dawa da masara. Damina takan kankama a watan Mayu ko Yuni, ta ɗauke a farkon Oktoba. Dawar gargajiya, kaura da farafara, tana yin bununi ne a ƙarshen damina, ta nuna bayan ruwa ya ɗauke, a girbe ta a Nuwamba ko Disamba.

Abin lura a nan shi ne tsawon zaman iri a ajiye da kuma yanayin da yake zaune a ciki. Daga girbi zuwa shuka wata shida ne ko bakwai. Rabin farko na wannan lokaci hunturu ne, lokacin da laimar iska takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana, ga kuma sanyi da dare. Rabi na biyu bazara ce, mai zafi amma busasshiya, sai dab da shuka laima take fara tashi. Yawancin manoma a nan suna shuka irin da suka ware da hannunsu, ko wanda suka karɓo a wurin maƙwabci, ko wanda suka auno a kasuwa. Ana ajiye shi a zangarniya cikin rumbu, ko a rataye a ɗaki, ko kuma a sussuke a zuba a buhu.

3.0 Cutar Fumfuna da Maɓoyanta Uku

Da kalmar fumfuna muna nufin dukkan dangin halittar nan da muke gani ta fito a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a kan goron da ya sha laima. Jikinta zare ne siriri wanda ido ba ya rarrabe shi sai ya taru da yawa. Tana yaɗuwa ta hanyar wasu 'yan ƙwayoyi masu kama da ƙura, waɗanda suke a matsayin iri a gare ta. A cikin wannan takarda za mu riƙa kiran jikin nata zare, ƙwayoyin kuwa mu kira su ƙura.

Ƙwayar hatsi tana da ɓawo daga waje, da gari a ciki, da kuma ɗan tayi, watau ɗan ƙaramin sashen nan da yake zama tsiro. Cutar da take bin iri tana fakewa ne a ɗayan wurare uku, kuma sha'ir yana da misali bayyananne na kowane ɗaya.

3.1 A bayan ɓawo. Akwai ɓurtuntunar sha'ir rufaffiya, wadda masana suke kira Ustilago hordei. Tana mayar da ƙwayoyin zangarniya baƙar ƙura, amma ƙurar tana ƙunshe cikin wata 'yar fata har lokacin girbi. Wajen sussuka fatar takan fashe, ƙurar ta bi ta manne wa lafiyayyun ƙwayoyi. A nan take kwanciya, ba ta ci, ba ta girma, sai ranar da aka shuka irin. Danshin da ya ta da iri shi ne yake ta da ita, ta shiga jikin tsiron tun bai huda ƙasa ba.

3.2 A cikin ɓawo. Akwai cututtukan ganyen sha'ir, kamar mai zane a tsaye da mai zanen raga, waɗanda a da ake kira Helminthosporium gramineum da Helminthosporium teres. Su zarensu ne yake shiga cikin ɓawon ƙwaya tun tana ɗanya a gona, ya bushe tare da ita.

3.3 A cikin ɗan tayi. Wannan shi ne mafi ɓoyo, kuma misalinsa ɓurtuntunar sha'ir buɗaɗɗiya, Ustilago nuda, da 'yar'uwarta ta alkama, Ustilago tritici. Ƙurarta tana tashi a iska daidai lokacin da lafiyayyun zangarnu suke fure, ta sauka a kan furen, zarenta ya bi ya shige har cikin ɗan tayi. Ƙwayar tana cika tsaf, nauyinta da launinta ba su bambanta da na sauran ba. Sai an shuka ta, kara ya girma ya fitar da kai, sa'an nan a ga baƙar ƙura a madadin hatsi, iska ta kwashe ta, a bar manomi da tsirarar sanda.

Wannan rabe-rabe shi ne ginshiƙin duk abin da zai biyo baya, domin maɓoyar cuta ita ce take nuna tsawon ranta a ajiye, ita ce kuma take nuna maganin da zai iya cim mata.

4.0 Abin da Bincike Ya Nuna Game da Daɗewarsu

A shekarar 1936 wani masani a Amurka, G. W. Fischer, ya ɗauko busassun zangarnu masu ɓurtuntuna waɗanda aka daɗe da adanawa a ɗakunan ajiye samfurin tsirrai, ya gwada ko ƙurarsu za ta tsira. Ya sami ƙurar rufaffiyar ɓurtuntunar sha'ir ta tsira bayan shekara 23, ta rufaffiyar ɓurtuntunar dawa kuma bayan shekara 13. Gaskiya ne ba dukkan ƙurar ce take kai wannan lokaci ba, kuma ɗakin ajiye samfuri ya fi rumbu kariya. Amma ga wanda irinsa zai yi wata bakwai kawai a ajiye, ko ma shekara biyu, wannan bambanci ba ya ƙara masa komai.

Game da wadda take cikin ɗan tayi, abin da aka tabbatar shi ne zaren yana iya rayuwa shekaru da yawa, har an same shi da rai a irin sha'ir da ya haura shekara 10 a ajiye. Dalili kuwa a fili yake: yana kwance a wurin da ƙwaya ta fi tsarewa, duk abin da ya kiyaye ɗan tayi ya kiyaye shi. Abin mamaki shi ne ƙurar wannan cuta, wadda take yawo a iska, gajeren rai gare ta. Ashe ba a gona take ƙetare rani ba, a cikin buhun iri take ƙetarewa.

Waɗanda suke cikin ɓawo su ne suka bambanta da juna. A shekarar 1952 Machacek da Wallace suka buga sakamakon gwajin da suka yi a Kanada, inda suka ajiye irin alkama da sha'ir da wani hatsi mai suna ot, suna gwada shi lokaci-lokaci har shekara 10. Sun ga wasu, kamar Alternaria, sun riga iri mutuwa, irin ya zauna da ƙarfin tsirarsa bayan fumfunar ta ƙare. Wasu kuwa, kamar cutar zanen raga ta sha'ir, a hankali ƙwarai suke raguwa. Haka nan an san dangin Fusarium suna cikin masu saurin raguwa a ajiye.

Daga nan ne wasu suka kawo shawarar a riƙa tsufar da iri domin a tsabtace shi. Shawarar tana da tushe, amma iyakarta ƙanƙanuwa ce. Tana aiki a kan wasu cututtuka na cikin ɓawo kaɗai, tana bukatar shekaru, kuma ba ta kawar da ɓurtuntuna, ta waje ko ta ciki. Da tsohuwar zuma ake magani, amma tsohon iri ba ya maganin ɓurtuntuna.

5.0 Laima da Zafi: Dalilin Daɗewar

Iri da fumfunar da ke jikinsa duka rayayyu ne da suka shiga barci saboda rashin ruwa. Abin da yake tsawaita barcin ɗaya shi yake tsawaita na ɗayan. J. F. Harrington na Kalifoniya ya taƙaita al'amarin iri a cikin ƙa'idoji biyu da aka sani: duk lokacin da danshin ƙwaya ya ragu da kashi 1 cikin ɗari, tsakanin kashi 5 da kashi 14, tsawon ran iri yakan ninka, haka kuma duk lokacin da zafin ma'ajiya ya ragu da digiri 5 a ma'aunin Salshiyos. Ba a tsara waɗannan ƙa'idoji domin fumfuna ba, amma gwaje-gwaje sun nuna ita ma ta fi daɗewa a busasshen wuri mai sanyi. Saboda haka ɗakunan sanyi da ake ajiye irin gado a cibiyoyin bincike suna adana cuta tare da iri, shi ya sa ake duba lafiyarsa kafin a shigar da shi da kuma kafin a aika da shi wata ƙasa.

To, me zai faru idan aka bar iri ya sha laima? C. M. Christensen na Jami'ar Minesota da H. H. Kaufmann, a littafinsu na ajiyar hatsi na 1969, sun kasa fumfunar hatsi kashi biyu. Kashi na farko fumfunar gona, wadda take kama ƙwaya tun tana kan kara, tana bukatar danshi mai yawa, sama da kashi 20 cikin ɗari, kafin ta yi girma. Kashi na biyu fumfunar rumbu, dangin Aspergillus da Penicillium, wadda take fara aiki da zarar danshin hatsi ya kai wajen kashi 13 da rabi zuwa 14, watau idan laimar iska ta zauna a kan kashi 70 cikin ɗari ko fiye. Idan iri ya ɗan sha laima, fumfunar gona takan mutu da sauri, amma a daidai wannan lokaci ta rumbu take farkawa, kuma ɗan tayi take fara ci. Sai a wayi gari an rage cuta guda an kashe irin baki ɗaya. In danshin ya kai wajen kashi 18, sai Aspergillus flavus ta samu shiga, wadda take haifar da gubar afalatoksin mai lahani ga hantar mutum da dabba.

Idan muka ɗora wannan bayani a kan yanayin da muka zayyana a sashe na 2.0, za mu ga irin da aka girbe a Disamba a Ikara ko Hunƙuyi yana shiga ma'ajiya a lokacin da ya fi kowane lokaci bushewa a shekara. Wannan alheri ne babba, shi ya sa dawa take iya shekara a rumbu ba ta lalace ba. Amma ƙurar ɓurtuntuna ma ta sami masauki mai kyau. Wanda kuma ya ce zai bar iri ya tsallake damina domin cuta ta mutu, to ya sa shi cikin laimar watan Agusta, ga ƙwari, ga fumfunar rumbu, alhali ƙurar da yake gudu tana da sauran shekaru a gaba.

6.0 Ɓurtuntunar Dawa

Abin da manomi yake kira ɓurtuntuna cututtuka huɗu ne dabam-dabam, kuma rarrabe su wajibi ne ga malamin gona, domin biyu ne kaɗai daga cikinsu suke dogara da iri.

Ta farko rufaffiya, Sporisorium sorghi, wadda tsofaffin littattafai suke kira Sphacelotheca sorghi. Halinta daidai yake da na rufaffiyar sha'ir. Kowace ƙwaya takan zama 'yar jaka mai launin toka ko ƙasa-ƙasa, cike da baƙar ƙura, wani lokaci zangarniya duka, wani lokaci sashenta. Ta biyu buɗaɗɗiya, Sporisorium cruentum, wadda jakarta take fashewa da wuri, karan da ta kama yakan gajarta, ya riga sauran fitar da kai. A nan sai a yi hattara da suna: buɗaɗɗiyar dawa, saɓanin ta sha'ir, ƙurarta a bayan ɓawo take zama. Ta uku mai cin kai gaba ɗaya, Sporisorium reilianum, wadda ƙurarta take zama a cikin ƙasar gona. Ta huɗu doguwa, mai fitar da 'yan dogayen jakunkuna jefi-jefi a zangarniya, wadda iska take kai wa fure, kuma ta fi yawa can arewa inda ruwa ya fi ƙaranci.

Bari mu bi rufaffiya mu ga yadda take zagayawa. An girbe gona, an ɗaure dammuna, a cikinsu akwai 'yan zangarnu masu ɓurtuntuna da ba a kula da su ba. An kai masussuka an buga, ko an zuba a injin casa wanda yake yawo daga gida zuwa gida. Jakunkunan suka fashe, ƙura ta game tsabar duka. Shiƙa tana fitar da ƙaiƙayi, ba ta fitar da abin da ya manne a jikin ƙwaya. An ɗebi iri daga wannan tsaba an ajiye. Da damina ta faɗi aka shuka, ƙurar ta tsira tare da iri, zarenta ya shiga tsiron a cikin 'yan kwanakin nan da yake ƙarƙashin ƙasa, ya kama ƙoƙon da kara yake girma daga gare shi, yana binsa sama. Ganye kore shar, kara lafiya lau, an yi noma an yi maimai, an zuba taki. Sai bayan wata huɗu ko fiye, da dawa ta fitar da kai, sa'an nan ɓarnar take bayyana.

Abubuwa biyu ne ya kamata a riƙe daga wannan bayani. Na farko, ƙofar da cutar take shiga ƙanƙanuwa ce, daga tsirar iri zuwa hudowarsa. Duk abin da ya jinkirta hudowa, kamar zurfafa rami, ko ƙasa mai sanyi, ko raunin tsohon iri, ya ƙara wa cutar lokaci. Ke nan tsufar da iri yana iya ƙara ɓurtuntuna maimakon ya rage ta. Na biyu, hasarar kai tsaye ce. Alal misali, idan zangarniya 5 cikin kowace 100 ta ɓaci gaba ɗaya, manomin da ya sa ran buhu 20 ya rasa buhu guda, bayan ya riga ya biya kuɗin taki da na ƙwadago a kan karan da bai ba shi komai ba. In kuma ya sake ɗiban iri daga wannan tsaba, baɗi ƙurar ta fi ta bana yawa.

Bayan ɓurtuntuna akwai fumfunar ƙwaya, dangin Fusarium da Curvularia da Phoma, wadda take baƙanta dawa ko ta ja ta idan ta nuna ruwa yana sauka. Dawar gargajiya takan kuɓuce mata saboda tana nuna bayan ɗaukewar ruwa, amma irin da yake nuna da wuri, in an shuka shi da ruwan farko, yakan faɗa hannunta. Wannan ita ce take cikin rukunin da yake raguwa a ajiye. Sai dai ɓarnar da ta yi wa ɗan tayi tun a gona ba ta gyaruwa, ko da ita kanta ta mutu.

7.0 Magani Gwargwadon Maɓoya

Tun a shekarar 1807 Prévost ya nuna a Faransa cewa ruwan da aka narka sinadarin tagulla a ciki yana hana ƙurar ɓurtuntunar alkama tsira. Irin wannan magani yana aiki ne a kan cutar da take bayan ɓawo. Wadda take cikin ɗan tayi ta gagari irin wannan magani, har shekarar 1888 da J. L. Jensen na Danmak ya fito da dabarar ruwan zafi: a jiƙa iri cikin ruwan sanyi na wasu awoyi domin zaren ya farka, sa'an nan a tsoma shi cikin ruwa mai zafin wajen digiri 52 na 'yan mintoci, zafin da yake kashe zare ya bar ɗan tayi. Tazarar da ke tsakanin kashe cuta da kashe iri ƙanƙanuwa ce ƙwarai, don haka ba aikin gida ba ne. A shekarar 1934 Luthra da Sattar a Fanjab ta Indiya suka sauƙaƙa dabarar ga alkama, watau a jiƙa iri awa huɗu da safe, a shanya shi a tsananin ranar bazara. Sai a shekarar 1966 aka fito da sinadarin kaboksin, wanda tsiro yake tsotsa ya shiga jikinsa ya tarar da zaren a ciki. Wannan darasi yana da amfani ga masu noman alkamar rani, kamar na Kadawa a Jihar Kano, domin buɗaɗɗiyar ɓurtuntunar alkama a cikin ɗan tayi take.

Manomin dawa kuwa ya yi sa'a, domin ɓurtuntunar da take bin irinsa a waje take, kuma tana cikin cututtukan da suka fi sauƙin kashewa. Ko garin farar wuta an yi amfani da shi a Indiya a kanta. A Arewacin Nijeriya malaman gona sun daɗe suna koyar da turara iri, da farko da garin Aldrex T da Fernasan D, waɗanda suke ɗauke da sinadarin tiram a haɗe da maganin ƙwari. Magungunan ƙwarin da ke cikinsu, aldirin da lindan, an hana su a ƙarƙashin Yarjejeniyar Sitokholm, na farko tun 2001, na biyu a 2009, sai wasu suka maye gurbinsu, kamar Apron Star da ake sayarwa a ƙananan ƙunshi. Ko wanne aka samu, sharuɗɗan ɗaya ne: a tabbatar mai rajista ne, a bi awon da aka rubuta a jikin ƙunshi, a girgiza iri da magani a cikin rufaffen mazubi har kowace ƙwaya ta samu, kuma a yi haka dab da shuka.

Lalle ne mu yi gargaɗi a nan. A ƙarshen 1971 da farkon 1972 an raba wa manoman Iraƙi irin alkama da sha'ir wanda aka turara da sinadarin makyuri. Irin ya iso wa da yawa bayan lokacin shuka ya wuce, gargaɗin da ke jikin buhu kuma ba da harshensu aka rubuta shi ba, sai suka niƙa suka yi gurasa. An kwantar da mutum fiye da 6,000 a asibiti, fiye da 400 suka mutu a can. An daina amfani da makyuri, amma hukuncin bai canja ba. Irin da aka turara ba abinci ba ne ga mutum ko kaza ko akuya, wankewa ba ta halatta shi, kuma wajibi ne gargaɗin ya zo da Hausa, da boko da ajami, tare da hoto.

Turara iri ba ya maganin doguwar ɓurtuntuna, kuma amfaninsa kaɗan ne a kan mai cin kai gaba ɗaya. Wannan ta biyun sai da juya shuka, da cire kan da ya kamu tun jakarsa ba ta fashe ba, da shuka irin da yake jure mata. Haka nan buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda yake toshe iska, yana kashe ƙwari ya kuma tsare hatsi daga laima, amma kada a ɗauke shi maganin ƙurar da take barci.

8.0 Gwajin Lafiyar Iri

Manomi yana iya ƙirga ƙwaya 100 ya shimfiɗa a jiƙaƙƙen buhu ya ga nawa za su tsira. Gwaji ne mai kyau, amma ƙarfin tsira kaɗai yake nunawa, iri mai ɗauke da ɓurtuntuna yana iya tsira ɗari bisa ɗari. Gano cuta yana bukatar ɗakin gwaji, kuma a nan ma maɓoya ce take zaɓar hanya. Ta bayan ɓawo, a girgiza iri cikin ruwa a duba ruwan a madubin ƙara girma. Ta cikin ɓawo, a jera ƙwayoyi a jiƙaƙƙiyar takarda har mako guda, fumfunar ta fito a gane ta. Ta cikin ɗan tayi, a jiƙa iri a ruwan soda mai ƙarfi har 'yan tayin su rabu, a rina su, a duba dubbansu ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar Gwajin Iri ta Duniya, wadda aka kafa a 1924, ita ce take daidaita waɗannan hanyoyi, kuma Paul Neergaard na Danmak ya tattara iliminsu a babban littafinsa na 1977. A nan gida Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta faro a 1922 ta kuma shiga ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, ita ce take da alhakin binciken dawa, Majalisar Kula da Irin Shuka ta Ƙasa kuma ita take ba da shaidar ingancin iri. Tsakanin Samaru da waɗannan ƙananan hukumomi uku tafiyar 'yan awoyi ma ba ta kai ba.

9.0 Kammalawa

Mun ga cewa tsawon ran cuta a ajiye ya danganta da inda ta fake, da irinta, da kuma laima da zafin ma'ajiya, kuma watanni shida ko bakwai na rani a ƙasar Zazzau ba su isa su raunana ɓurtuntuna ba. Saboda haka shawarwarinmu ga malaman gona su ne kamar haka.

Na ɗaya, a zaɓi iri tun dawa tana tsaye, daga sashen gonar da babu ɓurtuntuna, a yanke shi kafin babban girbi. Tun ran gini ran zane.

Na biyu, a sussuke iri dabam, da hannu, a kan tsabtatacciyar tabarma, kada ya bi masussukar gayya ko injin haya, kada kuma a zuba shi a buhun da ya taɓa ɗaukar tsaba mai ƙura.

Na uku, a busar da shi sosai a ajiye shi a bushe, nesa da ƙasa da bango. Wannan domin ran iri ne da tsare shi daga fumfunar rumbu.

Na huɗu, a turara duk irin da za a shuka, na gida ne ko na kasuwa, sabo ne ko tsoho, in dai ba an riga an turara shi ba, a kuma auna gwargwadon abin da za a shuka domin kada a yi saura.

Na biyar, a cire zangarnun da suka kamu a sa su a buhu tun a gona, a ƙone su ko a binne da zurfi.

Daga ƙarshe muna kira ga masu bincike da ɗalibansu da su auno iri daga kasuwanni da rumbunan Ikara da Maƙarfi da Kudan a watan Disamba, su sake aunowa a watan Mayu, su ƙirga ƙurar da ke jikinsa da kuma wadda take tsira a cikinta, rumbu dabam, buhu dabam, rataye dabam. Aiki ne da ba ya bukatar kayan aiki masu tsada, sakamakonsa kuma zai ba malamin gona alƙaluman ƙasarsa da zai nuna wa manomi kafin ruwan shuka ya sauka.